Yadda ake duba itatuwa da shingayen bakin hanya a Damagaram kafin iskar damina

Wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a Damagaram, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 kusan kullum, ba sai an gaya masa darajar inuwa ba. Mai shayi, mai faci, ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja, ƴan fada, tsohuwa mai tallar ƙuli-ƙuli, duk a gindin itace suke wuni. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa duba itatuwan bakin hanya ya fita da niyyar gano reshen da zai yi ɓarna tun yana sama, a rage shi yadda ya dace, itacen ya ci gaba da tsayuwa. Abin da aka saba gani kuwa daban ne. Ba mai ɗaga kai sai reshe ya faɗo kan mota ko ya tsinke waya, sa'an nan a zo cikin fushi da gatari a yi wa itacen aski ƙwal, ko a kayar da shi ɗungurungum. Inuwar shekara talatin sai ta tafi a yini ɗaya, a garin da ruwan bayin dashe ma sai an saye shi wurin ƴan garuwa.

Bayanin da ke tafe na ma'aikatan magajin gari ne, da masu unguwanni, da ƙungiyoyin matasa masu aikin gayya, da duk mai gidan da itacensa ya leƙo titi.

Lokacin fita

Zagaye biyu a shekara shi ne mafi ƙaranci. Babban a yi shi tsakanin Maris da farkon Mayu, don a samu sararin gama yanka kafin hadarin fari. Ruwan Damagaram, wanda yakan tsaya wajen milimita 400 a shekara, daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, amma ba shi ne ya fi karya itace ba. Guguwar da ke gabansa ce, mai tasowa daga gabas da jan ƙura, kuma ta farkon damina ta fi muni domin tana iske busassun rassan da suka taru tun hunturu. A watan Agusta matsalar takan sake kama: ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, saiwa ta rasa riƙo, sai itace ya tuge da gindinsa duka.

Tun da iskar daga gabas take bugowa, a hanyoyin da suka miƙe arewa da kudu, kamar hanyar Tanut da ta Magarya, itatuwan gefen gabas ne za su kwanta kan kwalta in sun faɗi. Da su ake farawa.

Zagaye na biyu na kaka ne, Oktoba zuwa Nuwamba. Lokacin shingaye sun yi toho sun ci hanya, kuma lokacin ne amalanke da manyan motoci ke shigowa gari da lodin kara da harawa mai tsawo. Ban da waɗannan biyun, duk daren da aka yi iska mai ƙarfi, washegari da sassafe a bi manyan hanyoyi a duba.

Itacen wa ne

A warware wannan tun kafin a taɓa zarto, don nan rigima take. Itacen da gindinsa ke cikin gida ko garka na mai wurin ne, ko da rabin rassansa na kan titi, kuma shi za a nema ya rage. Wanda ke kan titin gari, ma'aikatar magajin gari ce ke da alhakinsa, ta hannun gundumar da yake ciki daga gundumomi biyar na birnin. Na bakin manyan hanyoyin ƙasa, irin wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Damagaram ta wuce Difa, sai an sanar da ma'aikatar hanyoyi. Akwai kuma na ƙofar gida, wanda mutum ya dasa a kan filin hukuma ya yi ta bayi shekaru. A takarda ba nasa ba ne, amma a idon unguwa nasa ne, kuma wanda ya yanke shi ba tare da ya yi sallama da mai gidan ba ya ɓata aikin da ke gaba.

Sai maganar gandun daji. Tun dokar 1974 gawo da kuka da tsamiya da maɗaci da aduwa da goruba da bagaruwa suna cikin itatuwan da ke da kariya, kuma dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ta ci gaba da tsare irin waɗannan. Ba a kayar da su, ba a yi musu mummunan sara, sai da izini. Mafi sauƙi shi ne a gayyaci ma'aikacin gandun daji ya shiga zagayen tun ranar farko, ya gani da idonsa, takarda ta fito da wuri.

Mutane da kaya

Mutum huɗu sun isa: mai duba, mai rubutu, mai riƙe gora, da wakilin mai unguwa wanda ya san kowane gida. A ƙasa ake tafiya. Daga cikin mota ba a ganin tsagewa, ba a ganin gara. Kilomita biyu zuwa uku a rana ya wadatar a cikin gari, a bi gefe ɗaya a dawo ta ɗayan.

Kayan ba su da yawa: gora busasshiya mai tsawon mita 5 da aka yi wa zobe da fenti a mita 2,5, igiyar awo, ƙaramar guduma ta katako ko ta roba, siririn rodi mai tsini kamar rabin mita, fenti ja da rawaya, rajista, da salula mai ɗaukar hoto. Kada gorar ta zama ta ƙarfe, kuma kada a ɗaga ta kusa da wayar wuta ko da ta itace ce.

Awon sama da gefe

Ma'aunin da ya dace a riƙe shi ne sararin mita 5 tsakanin kwalta da reshe mafi ƙasa a duk hanyar da manyan motoci ke bi. Babbar mota da lodinta takan kai mita 4, masu ɗaukar buhuna da kara sukan wuce haka, ga kuma mutanen da ke zaune a kan lodi. A wurin da masu ƙafa ke bi, mita 2,5, saboda mai tulla kaya a kai da mai raƙumi. A tsaya da gorar a tsakiyar hannun da mota ke bi, sa'an nan a bakin kwalta, domin a gefe ne rassa suka fi sauka. In reshe ya wuce kan gorar da tafin hannu kawai a watan Afrilu, a rubuta shi cikin waɗanda za a rage, don nauyin ganye da ruwa zai sauko da shi a damina.

Itacen kansa yana ba da shaida. Reshen da ɓawonsa ya saɓule ta ƙasa, ko aka ga guntun tamfol da igiya sun maƙale a jikinsa, motoci sun daɗe suna gogarsa. Haka in aka lura sawun tayoyi yana kaucewa zuwa tsakiyar hanya a daidai wani itace, direbobi ne ke gudun reshe, kuma a nan ake yin gaba da gaba da masu babur.

Ta gefe, a bar aƙalla rabin mita tsakanin bakin kwalta da ganye. A duba ko ganye ya rufe allon hanya, musamman na tsayawa da na makaranta. Fitilun titi masu aiki da hasken rana kuwa sau biyu itace ke cutarsu: yana tare hasken da dare, yana kuma yi wa farantin inuwa da rana batirin ya kasa cika. Fitilar da ke mutuwa tun kafin tsakar dare, a ɗaga kai a dubi abin da ke saman farantinta kafin a ce ta lalace.

Mahaɗar hanya da shinge

Shinge ba ya faɗo wa kowa a kai, shi ya sa ake raina shi, alhali yana ɓoye yaro da akuya da mai babur. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gani, ya taka birki, motar ta tsaya, an yi kusan mita 30 a busasshiyar kwalta, in kuwa rairayi ya hau kwaltar, kamar yadda yake a yawancin titunanmu, abin ya fi haka.

Ga yadda ake gwadawa. Mai duba ya koma cikin ƙaramar hanya, mita 3 daga bakin babbar, ya durƙusa har idonsa ya zo kamar mita ɗaya da ɗan kai daga ƙasa, daidai idon direban ƙaramar mota. Abokinsa ya taka mita 50 a bakin babbar hanya ta dama, sa'an nan ta hagu. In ba a hango shi daga gwiwa zuwa kai ba, akwai abin cirewa. A wajen gari, inda ake gudun 90, tazarar ta zama mita 150 ko fiye. A cikin wannan kusurwa kada shinge ya wuce santimita 60 zuwa 70, itace kuma a ɗage rassansa sama da mita 2,5 yadda za a riƙa hangowa ta ƙarƙashinsa. Durƙuson nan shi ne asirin gwajin. Wanda ya duba a tsaye zai ce komai lafiya.

Kowane shinge da halinsa. Na lalle da na dirga suna karɓar aski: a daidaita su sau biyu a shekara, gindi ya fi kai faɗi, don rana ta sami ƙasan, in ba haka ba ƙasan ya zube ya zama kafar awaki. Aguwa, wadda ake kewaye gonaki da ita a bakin burtali, tana karyewa da sauƙi, amma farin ruwanta yana ƙona ido, sai da tabarau da safar hannu, kuma kada mai yanka ya share gumi da hannunsa. Magarya da kurna ƙayarsu na kama tufa, suna tura masu ƙafa su hau kwalta.

Mafi wuya shi ne firosofis, ƙayar nan da aka kawo daga Amurka ta Kudu don tsai da rairayi, wadda wasu ke kira mugun kawa. In an sare ta a saman ƙasa, da rassa goma take dawowa, awaki kuma suna cin ƴaƴanta suna yaɗa irin a kashinsu. Inda ta tare gani a mahaɗa, aski ɓata lokaci ne. A tona a sare gindin kamar santimita 20 zuwa 30 a ƙarƙashin ƙasa, a dawo bayan damina a tuge ƙananan da suka tsiro tun ana iya cire su da hannu.

Shingen ƙaya busasshe da darnin kara su ma a rubuta su. Sukan matso kan hanya taki ɗaya kowace shekara in ana sabunta su, kuma suna kama wuta.

Karanta itace daga ƙasa zuwa sama

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata a ɓata lokaci. A fara daga nesa a dubi tsayuwarsa. Itacen da ya girma a karkace, kansa ya miƙe sama neman rana, ya saba da karkatarsa. Wanda ya karkata kwanan nan kuwa duk jikinsa ne ya tafi gefe ɗaya, kuma a bayansa za a ga ƙasa ta kumbura ko ta tsage. Wannan ba ya jiran mako.

A matso gindi a zagaya shi duka, har ta bayan da ke jingine da bango. Yawancin ciwon itatuwan gari hannun mutum ne ya jawo shi. A nemi baƙin wuta inda ake ƙona shara ko inda mai shayi da mai tsire ke zuba garwashi, domin wuta tana kashe ɓawo, ruɓa ta shiga ta nan. A nemi inda masu magani suka ɓare ɓawo, abin da ya fi samun maɗaci: in ɓarewar ta zagaye fiye da rabin jikin, itacen yana cikin hatsari, in ta zagaye duka, mutuwa zai yi ko da ganyensa kore ne yau. A dubi waya ko igiyar ɗaure dabba da ta nutse cikin jiki, da dakalin siminti da aka zuba ya shaƙe gindin, da baƙin man da makanikai ke zubarwa.

A tambayi mutanen wurin ko an yi tono kusa: magudanar ruwa, bututun famfo, harsashin gini. Saiwoyin da ke riƙe itace ba su da zurfi kamar yadda ake zato, yawancinsu suna cikin mita ɗaya na sama, balle a wuraren da dutse ke kusa, irin kewayen tsohuwar unguwar Birni, inda saiwa ke shimfiɗa a kan fa. Ana auna kewayen jikin itace a daidai ƙirji, mita 1,30 daga ƙasa, a raba uku da ɗan kai a sami kaurinsa. Itacen da kewayensa ya kai santimita 190, kaurinsa 60 ne. Ramin da ya yanke saiwoyi a ƙasa da ninki uku na kaurin, wato mita 1,80 a wannan misali, ya taɓa riƙonsa sosai. Abin da ake so shi ne ninki biyar. Irin wannan itace yakan yi shekara biyu ko uku lafiya lau a ido, sa'an nan ya kwanta a daren iska, ya faɗi ta gefen da ba a yi tonon ba.

Sai guduma. A bubbuga jikin daga ƙasa zuwa inda hannu ya kai. Lafiyayyen itace amonsa a cushe yake, mai kogo kuwa kamar ganga. Inda akwai rami a zura rodi a ji zurfin ruɓar, amma a fara tsayawa a saurara, don kogo gidan zuma ne da maciji. Kogo shi kaɗai ba hukuncin kisa ba ne. Abin dubawa kaurin lafiyayyen katakon da ya rage a kewaye. In ya kai sulusin tazarar da ke tsakanin ɓawo da tsakiya, wato santimita 10 a itace mai kauri 60, yakan iya ɗaukar kansa, musamman in an rage masa nauyin sama. In bai kai ba, ko bakin kogon ya ci fiye da sulusin kewayen, a sa masa jan fenti, alamar gaggawa. Kuka ba ta bin wannan lissafi. Jikinta taushi gare shi, kuma kukoki masu kogo, irin waɗanda suka cika wajen Mirya, suna daɗewa a tsaye. A kuka rassan da suka miƙo kan hanya ake dubawa.

Naman kaza mai tauri da ya fito a gindi ko a jiki alama ce ruɓa ta yi nisa a ciki. Gara kuma a kankare ginin ƙasar da ta yi a jikin ɓawo a gani. In a sama kawai take tana cin mataccen ɓawo, da sauƙi. In rodi ya shige ta bayanta, ta riga ta shiga ciki.

Daga nan a ɗaga kai zuwa inda jiki ya rabu. Rabuwar da ta buɗe kamar bakin ƙwarya tana da ƙarfi. Wadda ta matse kamar tsinin gwafa, ɓawo ya naɗe ya shige tsakani, ba ta haɗe da gaske ba, kuma ita iska ke tsagawa biyu. In ana ganin tsaga ko ruwa na tsatsowa daga wurin, a sa ja. A nemi busassun rassa masu kaurin damtse ko fiye, da waɗanda suka karye suka rataye, da kauci, wanda ke shan ruwan reshe har ƙarshensa ya bushe.

A kula ƙwarai da itacen dogon yaron da aka taɓa yi wa aski ƙwal. Rassan da suka fito bayan askin dogaye ne, kyawawa a ido, amma a fatar ɓawo kawai suke manne, a kewayen kututturen da ke ruɓewa ta tsakiya. Bayan shekara huɗu ko biyar sun yi nauyi, kuma su ne suka fi ɓallowa. Itacen turare shi ma yana sakin reshe ba gargaɗi, ga tsawo. Tsamiya da aduwa katakonsu na da ƙarfi, ba su cika ba da wahala ba in ba a ƙona gindinsu ba.

Gawo kuwa kada a yi masa kuskuren da baƙi ke yi. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Gawon da aka gani tsirara a watan Agusta lafiyarsa lau. A watan Janairu ake gane mataccen reshensa.

Wayar wuta

In reshe yana taɓa waya, ko yana cikin mita 3 da manyan wayoyin da ke kan dogayen turaku, aikin ya fita daga hannun unguwa. A rubuta lambar turken, a ɗauki hoto, a kai wa NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, su yanke wuta kafin kowa ya hau. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, babbar waya kuma ba sai an taɓa ta ba take kamawa. Wayar da ta faɗo ƙasa tare da reshe, a ɗauka da wuta a jikinta, a tsai da mutum ya kori yara har ma'aikata su iso.

Launi, rajista, da sallama

Kowane itace da aka samu da matsala a ba shi lamba, a rubuta unguwa, da alamar da za a gane wurin, da irin itacen, da kewayensa, da abin da aka gani, da mai shi, da aikin da ake so. Abu biyu ake haɗawa a yanke hukunci: yiwuwar faɗuwa, da abin da zai faɗa wa. Busasshen reshe a kan kangon fili ba ɗaya yake da irinsa a ƙofar makaranta ko tashar mota ba. Don sanin inda itace zai kai in ya faɗi, a riƙe sanda mai tsawon hannu a tsaye, hannu a miƙe, a ja da baya har kan sandar ya yi daidai da kan itacen, hannu kuma daidai da gindinsa. Tazarar da ke tsakaninka da gindin ita ce tsawonsa.

Ja na nufin a kewaye wurin yau, a tashi masu zama a ƙarƙashi, a yi aikin cikin kwana biyu. Rawaya na nufin cikin wata ɗaya, kuma lalle kafin ruwan fari. Sauran a rubuta su a sake dubawa a zagaye na gaba. Fentin ɗigo ne kamar tafin hannu ta gefen hanya. A gaya wa mutane ma'anarsa, don in ba a faɗa ba, jan fenti yakan zama izini ga masu neman itacen wuta.

Wajen mai gida, wakilin mai unguwa ne ke yin sallama. Bayan gaisuwa a kai shi ya gani da idonsa: "Baba, dubi reshen nan da ya haye titi, ga inda motoci ke gogarsa. Ba kayar da itacen muke so ba, wannan ɗaya za a cire, kuma itacen wutar naka ne." In tsohuwa ce ko wanda ba shi da hali: "Inna, kada ki damu da mai hawa, samarin unguwa za su zo ranar Asabar." Takardar hukuma mai wa'adi sai ta biyo baya ga wanda ya ƙi.

Yadda ake yankan

A guji ranar Alhamis a hanyoyin da ke shiga kasuwar Dole, da Lahadi a hanyar Mirya, da lokacin tashin ƴan makaranta da na sallar Juma'a. Da sassafe ya fi, kafin iska da zafi. A sa mutum da jan ƙyalle ta kowane gefe, mita 50 a cikin gari, 150 a waje. In kayarwa za a yi, kada kowa ya tsaya cikin ninki biyu na tsawon itacen. Mai hawa ya ɗaura igiya a ƙugu ya sa hular kwano, wani ya riƙe tsani, kuma ba a hawa da injin zarto sai wanda ya koyi aikin.

Zarto ya fi adda da gatari, domin sara yana farfasa wurin ya bar ramukan da ruwa ke kwanciya. Babban reshe sau uku ake yankansa. Na farko ta ƙasa, santimita 30 daga jiki, a shiga sulusin kaurin. Na biyu ta sama, santimita 5 gaba da na farkon, har reshen ya faɗi. Yankan ƙasan nan shi ke hana reshe ya yage ɓawo ya sauko da shi har jiki. Na uku a cire guntun da ya rage, a daidai bayan kumburin nan mai kama da wuyan riga da ke inda reshe ya haɗu da jiki. Daga kumburin ne sabon nama ke fitowa ya rufe ciwon. In an shafe shi, ciwon ya yi faɗi ya ƙi rufewa. In kuma an bar dogon kututture, ya bushe ya zama ƙofar gara. Reshe mai nauyi a ɗaure shi da igiya ta kan wani reshe na sama, a sauke shi guntu-guntu.

In gajarta reshe za a yi ba cirewa ba, a yanke a daidai wani ƙaramin reshe da ya kai sulusin kaurinsa, wanda ya nufi sama ko ya bi tsawon hanya. Kada a cire fiye da rubu'in ganyen itace a shekara ɗaya. In aikin ya fi haka a raba shi shekara biyu. Kada kuma a kwashe gefen titi duka a bar nauyi ta gefen gida, an kawar da hatsari daga kan hanya ke nan an ɗora shi kan ɗakin mutane. Baƙin mai da fenti da kwalta da ake shafa wa wurin yanka ba sa hana ruɓa, baƙin mai ma ƙona naman yake. A bar shi ya bushe da kansa. Kogo kuma kada a cika shi da siminti.

A kwashe komai a ranar. Itacen wuta na mai itace ne, ganyen gawo na dabbobi, ƙaya kuwa a tattara ta har ƙananan da tsintsiya, don almajirai da yara ba takalmi suke bi, tayar babur da ta amalanke ma ba ta jure mata. Kada ganye ko guntu ya shiga magudanar ruwa. Wanda ya ga yadda ruwan 2024 ya yi wa garin nan, har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba, ya san abin da toshewar magudana ke jawowa.

Komawa da maye gurbi

Bayan wa'adi a koma da rajistar a bi lamba-lamba, a sake ɗaga gora, a sake durƙusawa a mahaɗa. Dogon yaro yakan fito da toho da yawa a bakin yanka cikin ƴan watanni. A zagayen kaka a zaɓi ɗaya ko biyu masu kyau a cire sauran tun ana iya yi da almakashi.

Duk itacen da dole ta sa aka kayar a rubuta gurbinsa don dashen 3 ga Agusta, ranar dasa itatuwa ta ƙasa. Sabon a ja shi mita 3 daga bakin kwalta, mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da na kusa, ba a ƙarƙashin waya ba, ba cikin mita 15 da mahaɗa ba. Rami rabin mita faɗi, rabin mita zurfi, da kariya daga awaki, da sunan gidan da ya ɗauki bayinsa a rani biyu na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: daga shekara ta biyu a bar masa kai ɗaya, a riƙa cire reshe ɗaya ko biyu na ƙasa kowace shekara tun kaurinsu bai wuce babban yatsa ba, har ya haye mita 5 ta gefen titi. Ciwon irin wannan yanka yakan rufe cikin damina ɗaya ko biyu.